Shukar Malam Babayo a Bakin Teku

Duk wanda ya san Katagum, tsohon garin nan na bakin kogin Jama'are, ya san Malam Babayo mai garka, ko da kuwa bai taɓa ganin fuskarsa ba. To, ina ma za a ga fuskar, mutum kullum yana duƙe? Abin da jama'a suka fi sani a jikinsa ƙeyarsa ce da bayan 'yar shararsa. In ka yi masa sallama daga bakin shinge zai amsa da kyau, ya tambaye ka iyali da gajiya har da awakin gida, amma hannunsa ba zai bar ƙasa ba. An ce ko ranar ɗaurin aurensa sai da abokai suka je fadama suka janyo shi, ya zo da taɓo har ƙwauri, ana shafa fatiha ya zame ya koma ya ƙarasa fangalin albasar da ya bari. In aka ce masa, "Malam Babayo, a riƙa hutawa mana," amsarsa ɗaya ce: "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi."

Noman mutanen bakin kogi yana da ƙa'idarsa. Sau ɗaya a shekara kogi yake cika ya malale fadama, ya kwanta a kanta har damina ta wuce. Daga nan sai ya fara ja da baya sannu-sannu, yana barin baƙar laka mai taushi. A wannan lakar ake zuba kankana da wake da kuɓewa, ba taki, ba ban-ruwa, danshin da kogi ya bari shi zai raine su. Sai dai danshi ba ya jiran kowa. Inda ruwa ya janye yau, in ka yi sanyin jiki ƙasa ta bushe ta tsage, to sai baɗi. Shi ya sa manomi yake bin ruwa a baya taku-taku, kuma a wannan fanni Malam Babayo ba shi da na biyu. Shi ko sungumi ba ya ɗauka. Babban yatsan ƙafa ya huda laka, hannu ya saki ƙwaya biyu, diddige ya rufe, ya ɗaga ƙafa ya yi gaba. Baƙon da ya hango shi daga nesa sai ya ɗauka wani dattijo ne ya fito shan iska.

Allah ya haɗa shi da mace mai haƙuri, Mas'uda, wadda ita ma take da abin da aka san ta da shi: ba ta ƙarya, ko ta wasa, ko ta rufin asiri. In maƙwabciya ta tambaye ta ko miyarta ta yi daɗi, to ta shirya jin gaskiya. Matan unguwa in rigima ta haɗa su ita suke kira shaida, kuma rabinsu sukan yi da-na-sanin kiran. Shekara kusan arba'in tana aika wa mijinta fura garka, tana ganin fitarsa da duhun asuba da shigowarsa da duhun magariba, ba ta taɓa kai ƙararsa ba. Sau ɗaya dai, a gidan suna, wata ta tambaye ta ko maigidan ya fara furfura, ta ce, "Wallahi ban sani ba, amma in ya yi sallama ina gane muryar."

Amfanin garkar kuwa kasuwar Azare yake kai shi. A can yake da babban amini, Alhaji Lasisi, Bayarabe dillalin tattasai da albasa, wanda ya zo garin yana saurayi har ya tsufa a cikinsa. Hausa a bakinsa har da karin magana, Fillanci ma yana taɓawa in ciniki ya haɗa shi da mutanen Udubo. Ya sha cewa Malam Babayo ya zo ya kai shi garinsu ya ga teku, shi kuwa yana cewa sai an gama aiki. Aikin da ba ya ƙarewa!

To, jiki magayi. A bazarar shekarar 2008, rana tana tsaka, yana jan tiyon injin ban-ruwa, sai ya ga garka tana juyawa, ya yanke jiki ya faɗi tsakanin tattasai. A amalanken shanu aka kawo shi gida, daga nan aka wuce da shi asibiti a Azare, inda 'yarsa Jamila take aikin jinya. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ya hau ƙwarai. In ya sake irin wannan faɗuwa, ko dai ɓarin jiki ya shanye, ko kuma abin da ba a fata. Ya sha magani ya ji sauƙi, damina ta zo ta rufe fadama da ruwa, gonar geronsa kuma aka yi masa gayya, don haka aka samu 'yan watanni na zaman lafiya.

Bayan ƙaramar Sallah, daidai lokacin da kogi ya fara alamar ja da baya, shi kuma ya fara wasa fartanya, sai Jamila da ƙanenta Naziru, malamin firamare a Chinade, suka tara iyayen a gidanta da ke Azare. Suka kira Alhaji Lasisi don ya zama babba a maganar.

Jamila ta durƙusa ta ce, "Baba, mun yi shawara. Garkar nan a ba Ɗanladi ɗan Baffa ya riƙa nomawa, yana kawo maka rabonka. Kai kuma ka zauna a gida."

Malam Babayo ya zaro ido. "Ɗanladi? Ɗanladin da rana ke tasa daga barci? Wanda bai san kankana da guna ba sai ya fasa ya ɗanɗana? Garkar da na gada a hannun mahaifina?"

Naziru, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ba ka iya hutawa ba ne. Da ka iya, da ba mu kawo wannan magana ba."

"Wa ya ce ban iya ba? Hutu wani abu ne? Ba zama ba ne kawai?"

Nan Alhaji Lasisi ya gyara zama, ya ce, "To, madalla, ga inda za a gwada. Garinmu tsibiri ne, ruwa gaba, ruwa baya. Ba gona, ba kasuwa, ko babur babu. Gidan mahaifina yana nan, ba kowa sai ƙanwata. Ku ba ni shi mako guda. In ya zauna bai taɓa aiki ba, kun ga ya iya hutu, sai ku bar masa garkarsa. In ya kasa, ta koma hannun Ɗanladi."

Jamila ta ce, "Wa zai ba da shaida? Kai, Alhaji, abokinsa ne, rufa masa asiri za ka yi."

Sai duk suka juya suka dubi Mas'uda. Malam Babayo ya san wannan shaidar ba ta sayuwa. Amma baki ya riga ya furta, dole ya ce ya yarda.

Ranar tafiya Mas'uda ta zazzage jakarsa. Ta ciro 'yar ƙaramar fartanya a naɗe cikin babbar riga, ta ciro lauje a cikin sallaya, ta ajiye su a bayan ƙofa. Shi ma ya kau da kai kamar kayan wani ne. Abin da ba ta duba ba shi ne bakin zariyar wandonsa, inda ya ƙulle tafi guda na irin kankana. Ba wai ya yi niyyar shukawa ba, a'a. Tun yana yaro bai taɓa fita gida ba iri a jikinsa ba, in ya fita haka sai ya ji kamar ba shi da hula.

Suka sha doguwar tafiya a babbar bas har ƙafafu suka kumbura, suka wuce Legas da hayaniyarta, suka shiga kwalekwale mai inji. Mas'uda ta ƙanƙame gefen jirgin tana salati har suka sauka. Tsibirin ɗan siriri ne, bukkokin masunta a warwatse cikin bishiyoyin kwakwa, farin yashi a shimfiɗe iyakar ganinka, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, in ban da teku da take ta numfashi. Malam Babayo ya tsaya, hannu a ƙugu, ya daɗe yana duban ruwan da ba shi da tsallake. Alhaji Lasisi yana jira ya ji tasbihi, sai ya ji an ce, "Duk wannan ruwa, ba ko fangali ɗaya a gefensa? Kai! Allah ya ba wasu, ba su san an ba su ba."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Abokina, ga aikinka a nan: ka ci, ka sha ruwan kwakwa, ka kwanta, ka kalli teku."

"In na kalle ta sai me?"

"Sai ka sake kallonta."

Aka nuna masa wata raga da aka ɗaure tsakanin bishiyoyi biyu, aka ce a ciki ake kishingiɗa. Ya zagaya ta yana dubawa, ya ce a garinsu kifi ne ke kwana a raga. Da aka matsa masa ya hau, bai gama ɗaga ƙafa ta biyu ba ta juye da shi, ya zube a yashi, hula can, takalmi can. Mas'uda ta yi dariya har da hawaye. Ya tashi yana kakkaɓe jiki zai yi faɗa, sai idonsa ya faɗa kan wushiryarta. Ashe har yanzu tana nan! Ya manta rabon da ya gan ta da rana tsaka.

Bishiyar kwakwa ma ba ta tsira ba. Ya ce abu ya yi tsawo har haka, inuwarsa ko akuya ba za ta rufe ba, ina laifin tsamiya? Amma da aka fasa masa ɗanya ya kurɓa, sai ya miƙa hannu a ƙaro. Da masunta suka fara jan tarunsu daga teku suna waƙa, kafin kowa ya ankara ya miƙe, ya naɗe hannun riga, yatsunsa sun kusa kama igiya, sai ya ji gyaran muryar Mas'uda a bayansa. Bai ko waiwaya ba. Ya mayar da hannun ya sosa ƙeya, ya ce dama igiyar yake son ya ga irin saƙarta.

Ita kuwa Mas'uda, sai ka ce don ita aka yi tsibirin. Ta ƙulla ƙawance da Mama Darasimi, ƙanwar Alhaji Lasisi mai bandar kifi. Wannan ba ta jin Hausa, waccan ba ta jin Yarabanci, amma sai su wuni suna hira da hannu suna shewa. Ta tsinci wuri da bawon katantanwa cike da ɗankwali, wai tsarabar jikoki. Ta tsoma ƙafa a ruwa, igiyar ruwa ta biyo ta, ta ruga tana ihu kamar 'yar yarinya. Shi ko Malam Babayo hutu ya fara kwantar da shi. Abinci ba ya shiga, hannayensa sun rasa inda za su zauna, ya ƙirga bishiyoyin garin ya sake ƙirgawa. Zuciyarsa tana can Katagum, yana ganin kogi yana ja da baya, maƙwabta suna binsa, tasa garkar tana kwance.

Alhaji Lasisi ya tausaya masa, ya ce, "Ka riƙa tafiya a bakin ruwa da safe, ba takalmi. Likitoci ma suna son haka." Aka dubi Mas'uda, ta ce tafiya ba aiki ba ce.

Washegari bayan sallar asuba ya fita. Ya bar gefen da igiyar ruwa ke haushi, ya ratsa ta bayan gari, inda wani reshen ruwa ya shigo ya kwanta lumui kamar kogi. Jiya da rana ya gan shi cike har gindin bishiyoyi. Yau kuwa, la'ilaha illallahu! Ruwa ya janye. Ga baƙar laka a shimfiɗe tana sheƙi, faɗinta ya fi garkarsa, ba sawun mutum ko ɗaya sai na 'yan ƙaguwa. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ba kowa. Ya ce a ransa, "Mutanen nan barci suke yi? Danshi irin wannan!" Ya lakato ya ɗanɗana, ya ji gishiri-gishiri, ya ce ba komai, fadamarsu ta gabas ma tana da kanwa, kuma tana ba da kankana.

Hali zanen dutse. Bai san lokacin da hannunsa ya kwance bakin zariya ba. Ai an ce ya yi tafiya ba takalmi, to ga shi yana yi. Yatsa ya huda, hannu ya saki, diddige ya rufe. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, layi a miƙe kamar an ja igiya, jikinsa yana warwarewa, har ya tsinci kansa yana 'yar waƙa. Ya wanke ƙafa ya koma gida, ya cinye kwanon dafaffiyar doya ya nemi ƙari. Alhaji Lasisi ya ce, "Kun gani ko? Iskar teku ta fara aiki!" Mas'uda kuwa ta dubi diddigensa ta ci gaba da ɓare kifi.

Bayan azahar ya ce zai ƙara taka ƙafa. Yana isa wurin ya dafe ƙirji. Ruwa ne shafe har gindin bishiyoyi, ba laka, ba layi, ba alamar an taɓa shuka. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "An saki dam!" Domin a garinsu in kogi ya janye ya janye ke nan, ba abin da ke dawo da shi sai wannan. Ya juya da sauri zai je ya faɗakar da jama'a su kwashe kayansu, sai ya tarar da su zaune suna ɗinkin taru, wani ma yana gyangyaɗi. Ya so ya tambayi Alhaji Lasisi, to amma ya ce me? An ce matambayi ba ya ɓata, sai dai wannan tambaya ita ce za ta ɓatar masa da garka. Ya haɗiye ta.

Kashegari da safe ya leƙa, sai ga laka ta sake bayyana, a wanke tas, kamar tana yi masa gwalo. Ya ce to, ambaliyar jiya tsautsayi ce, ta wuce. Wannan karon ya yi dabara, ya shuka can sama-sama kusa da gaɓa. Rana tana karkatawa ya dawo, ruwa ya sake shanye ta. Ranar bai ci abincin dare ba.

Da gari ya waye, sauran irin bai fi cikin cokali ba. Ya ce yau kam ba zai shuka ba sai ya ga ɓarawon da idonsa. Ya sami gindin wata bishiya ya zauna, ya kafa wa lakar ido. Bai daɗe ba ya ji taku a bayansa. Mas'uda ce da tabarma a hammata da kwanon kifi a hannu. Ta shimfiɗa, ta ce, "Malam, taso daga kan yashi." Ya taso ya zauna gefenta, yana ta ƙoƙarin yin fuskar mai kallon tsuntsaye.

Suna nan zaune hantsi ya yi. Sai ga ruwa yana tahowa, ba ƙara, ba gaggawa, yana lasar laka kaɗan-kaɗan, yana cike ramukan ƙaguwa. Sama tangaran, ba hadari ko na magani. Malam Babayo ya saki baki yana kallo har ruwan ya iso inda ya yi layinsa na jiya ya wuce.

Mas'uda ta ce, "Haka yake yi. Ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, sau biyu kowace rana, tun da Allah ya halicce shi. Mama Darasimi ta nuna mini tun ranar da muka zo."

"To, ni me ya dame ni da shi?"

"Malam, shekara nawa ina kallon tafiyar nan taka? Ko a cikin taron Idi ka yi ta zan gane ta. Daga wurin bandar kifi ana hango nan sarai."

Ya daɗe yana wasa da yashi, sannan ya ce, "Innar yara, za ki faɗa?"

"Ka san ni."

Ya sani kuwa. Idonsa ya cika da ƙwalla, dattijo guda, bai ko ɓoye ba. Ya ce, "In aka raba ni da garkar nan, ni wane ne? Ban iya komai ba sai ita. Zama zan yi a ƙofar gida ina kora ƙuda har a zo a ɗauke ni."

Ta ce, "Ni kuma ranar da aka shigo da kai a amalanke, ƙafafunka suna reto, na ɗauka gawa aka kawo mini. Na ji tsoro, Malam, tsoron da ban taɓa ji ba. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, na duba na ga in ka tafi, ba ni da wuni ɗaya da zan tuna na ce mun zauna ni da kai." Ta miƙa masa tafin hannunta. Ya gane. Ya kwance zariya ya juye mata sauran irin, ta ƙulle a bakin mayafinta.

Ba su tashi ba. Suka ci kifi, suka yi salla a nan, suka ga ruwa ya cika ya tsaya, suka ga ya fara komawa da yamma. Ta ba shi labarin abubuwan da suka faru a gidansa shekara da shekaru bai sani ba: ranar da Naziru ya faɗa randa, da yadda Jamila ta taɓa yi wa kazar maƙwabta allura da ƙayar aduwa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Sauran kwanakin, tunda ba abin da ya rage ya ɓoye, sai ya saki jiki. Suka shiga kwalekwale aka zaga da su, suka kalli faɗuwar rana a cikin ruwa, ya taya ta tsintar wuri. Har ragar nan ya koyi hawa, aka ji minsharinsa daga bakin teku. Amma in ya tuna abin da ke jiransa a Azare, sai ya yi ajiyar zuciya.

Suna sauka gidan Jamila, kafin su sha ruwa 'yar tasa ta ɗaura masa abin awon jini a dantse. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce jinin ya sauka sosai. Naziru ya iso a babur daga Chinade, aka zauna kamar wancan karo.

Jamila ta ce, "To, Inna, ke muke saurare. Baba ya yi aiki?"

Mas'uda ta ce, "Ya yi. Ya shuka kankana har sau biyu."

Alhaji Lasisi ya zabura. "A ina? A garinmu? Ina gonar take?"

"A bayan gari, inda ruwa ke janyewa da safe."

Alhaji ya dafe kai, dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi. "A lakar ƙaguwa? Malam Babayo, teku ka yi wa shuka?" Naziru ma ya fara ƙyaƙyatawa, sai ya dubi mahaifinsa ya haɗiye. Malam Babayo yana zaune, kai a sunkuye, hannayen nan masu kaushi a kan gwiwa. Ya ce a hankali, "Gaskiya ta faɗa. Alkawari kaya ne. Ku aika wa Ɗanladi."

Mas'uda ta ce, "Ban gama ba. An ce in ba da shaida, to a bari in kai ƙarshenta." Ta juya ga 'ya'yanta. "Mutumin da aka kai tsakiyar ruwa, aka ƙwace masa fartanya da lauje, ya shuka teku da diddige, shi za ku raba da garka ku ce ya huta? Tsakar gidana zai haƙe. In ya gama ya bi ta bakin titi. Ba garkar ce za ta kashe shi ba, rashinta ne zai riga ta. Na kuma ga wani abu da ku ba ku gani ba: ubanku ya zauna wuni guda cur a kan tabarma, ni da shi, bai mutu ba. Ashe ya iya, ba a dai taɓa shimfiɗa masa a inda idonsa ke ganin laka ba ne."

Jamila ta ce, "Inna, to alkawarin fa?"

"Ku kuka yi naku, ga nawa. Ruwan can ma da ya fi shi ƙarfi, tafiya yake yi ya dawo. Daga yau ba aiken fura, ni zan riƙa kai ta da kaina. In na shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar bakin shinge, ko rabin layi ya yi ya bar shi ya fito, ba zai koma ba sai rana ta yi sanyi. Ɗanladi ya zo ya riƙa jan tiyo da ɗaukar buhu, ko ya koyi tashin safe. Ranar da na shimfiɗa bai fito ba, ni da bakina zan zo in gaya muku. Kun san ni."

Sun santa kuwa. Jamila ta dubi Naziru, Naziru ya dubi Alhaji Lasisi, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce shi dai ɗan kallo ne. Jamila ta share ido da gefen hijabi ta ce, "Shi ke nan, Inna."

Sai Mas'uda ta kwance bakin mayafinta, ta kamo hannun mijinta a gaban 'ya'yansu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta juye masa 'yan ƙwayoyin kankanar nan a tafi. Ta ce, "Ungo. Kogi yana can yana janyewa."

Malam Babayo ya dubi irin, ya ƙulle shi a zariya. Ya miƙe zumbur, ya zura takalmi, ya nufi ƙofa da saurin nan nasa na mai gudun kada motar Katagum ta cika ta bar shi. Har ya sa ƙafa a zaure, sai aka ga ya tsaya. Ya juyo, ya dawo bakin ƙofar ɗaki, ya jingina da bango yana jira.

Ya ce, "To, taso mana mu tafi. Kada ki manta da tabarmar."